Jegon Shufen

Tawul ne ya fara tona asiri. Kwana uku da sallamo Shufen daga asibiti bayan ta haihu, yana nan rataye a bayan ƙofar banɗaki, a bushe ƙamas. Raki ta taɓa shi da safe kafin ta fita aiki, ta sake taɓawa da ta dawo. Ko ɗigon ruwa bai gani ba.

Gida ɗaya suke haya a unguwar Small Heath ta Birmingham, Raki a sama, Shufen a ɗakin ƙasa, kicin da banɗaki na tarayya. Shekara guda gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Raki na kula da tsofaffi a wani gidan jinya, Shufen na jera kaya a kantin 'yan China a cikin gari. Mijinta Hao kuku ne a Manchester, inda mai gidan abincin da ya yi masa biza ya mayar da shi, yana kwana da maza huɗu a saman kicin. Litinin kaɗai yake zuwa.

Maijego ba uwa, ba miji, ba wanka. Raki ta kasa haɗiye wannan. Ranar hutunta ta ɗora duk tukwanen gidan a wuta, ta cika bokiti har tururi na dukan fuskarta. Ganyen darbejiya dai babu shi a Birmingham, sai ta ɗauki ƙaramin tawul ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Shufen na zaune a gado da hular sanyi da safa biyu, a tsakiyar watan Yuni. Ta dubi bokitin kamar an shigo mata da maciji.

"Tashi, maijego. Wanka."

"Wanka? A'a, Jiejie!" Haka take kiran Raki, wato Yaya a yarensu. "Wata ɗaya ba wanka, ba wanke kai. Iska za ta shiga ƙashina. In na tsufa in kasa tafiya."

"Ikon Allah. Mu kuma in ba ki yi ba, safe da yamma, kwana arba'in, sanyi ne zai shiga jikinki. Ki kumbura."

Suka tsaya suna kallon juna, bokiti na huci a tsakaninsu. Shufen ce ta fara dariya, ta dafe ɗinkinta tana cewa wayyo. Sai ta kira uwarta a waya. Tsohuwar ta bayyana a fuskar wayar, ta sa aka nuna mata bokitin, aka nuna mata Raki, ta yi dogon bayani. Hukuncinta shi ne a dafa ɓawon citta a ruwan, a goge jiki kawai. Da Raki ta kawo kunun kanwa washegari, tambaya ɗaya tsohuwar ta yi, ko da zafinsa. Aka ce har yana ƙona baki. Ta gyaɗa kai.

Sau biyu aka hana tsohuwar bizar zuwa. Raki ta zama ita ce uwar jego. Jaririyar sunanta An An, amma ran Lahadi aka haife ta, don haka a bakin Raki Ladi ce. Ita ta koya wa Shufen goyo da zani. Ladi na jin bayan Raki sai ta yi luf, numfashinta na ɗumama mata kafaɗa, Raki kuwa sai ta ƙi sauke ta har ta gama wanke-wanke.

Wata Litinin, Ladi na da wata biyu, Raki ta sauko ta tarar an shimfiɗa farin zanin gado a ƙasa an kwantar da ita a kai. Hao na tsaye a kanta da waya, Shufen na kaɗa cokali don ta buɗe ido.

"Hoton me ake yi haka ba ko ado?"

Shufen ta ci gaba da kaɗa cokali. Sai da Hao ya fita shan iska Shufen ta ce, idonta a kan cokalin, "Na fasfo ne. In ta cika wata biyar gwaggon Hao za ta koma gida. Da ita za ta tafi, wajen mamata."

"Hutu?"

"Har ta isa shiga makaranta."

Raki ta zauna a bakin gado ba tare da ta yi niyya ba.

Shufen ta buɗe waya ta nuna mata ƙauyensu a lardin Fujian na China. Gidaje masu hawa huɗu, hawa biyar, da tayil mai sheƙi, tagogi duk a rufe. "Wannan mai shi yana Italiya. Wannan Ajantina. Wannan Japan, na babana ne, shi ma baban sai da na kai shekara tara na fara ganinsa. Tsofaffi ne a ƙasa da jarirai, sama ba kowa. A garinmu in saurayi bai fita ba, sai a ce me ke damunsa." Ita kanta ta yi jami'a, tana koyar da yara lesin har aka rufe wajen. Shekara biyu tana neman aiki. "Na ce 'yata ba za ta yi karatu har idonta ya lalace ba, sannan ta zauna a gida kamar ni. Don ita muka zo, Jiejie, tun ba a haife ta ba."

"Don ita kuka zo, ita kuma za ta koma."

Shufen ta ɗauki Ladi daga ƙasa.

Raki ta shiga fafutuka. Ta je gidan renon yara biyu, ta ji abin da suke karɓa ya fi abin da Shufen ke samu a kanti. Ta kira ofishin ƙaramar hukuma neman tallafin reno, wata mata mai daɗin murya ta tambayi irin bizarsu, ta ba ta haƙuri. Idan Shufen ta bar aiki, ɗakin ma sai ya gagare su. Sai Raki ta yage takarda ta ja layi bakwai, kowace rana da wanda zai riƙe Ladi. Litinin Hao. Lahadi Shufen. Ita tana da hutun kwana biyu. A ɗakin shan shayi na wajen aiki ta tare Grace, 'yar Jos da suke shift ɗaya.

"Ki karɓar mini Juma'a, ni in yi miki Lahadi."

"Ke Raki, gwamnati ce ke? Ko kin buɗe gidan marayu ban sani ba?" Grace ta ja takardar ta duba. "To, na karɓa. Amma manaja ba za ta tsayar miki da ranaku ba, kin san jadawalin aiki duk mako juyawa yake. Kuma 'yar wani kike wannan haƙilon a kai. Taki fa?"

Raki ta ninke takardar. Tata, Zainabu, tana Tudun Wadan Zariya wajen Inna. Uban ya rasu tana ciki. Shekararta biyu Raki ta taho, 'yan makonni bayan an hana masu irin aikinta zuwa da iyali. An ce mata ta je kawai, doka takan canza.

Manaja ta ce za ta duba, ba ta duba ba. Duk da haka Raki ta kai wa Hao takardar. Ya karɓa da hannu biyu, hannayen duk tabon mai da wuƙa. Ya karanta a natse har ƙasa.

"Na gode, Jiejie," ya ce. "Laraba fa? Da Alhamis?"

Ta dubi takardar. Layukan biyu fari fat suke, ita ta ja su da hannunta. Ya mayar mata da takardar da hannu biyu kamar yadda ya karɓa.

Daga Manchester jirgin zai tashi, da azahar. Raki ta ɗauki hutu ta raka su. A filin jirgi gwaggon Hao ta karɓi jakar madara da takardu, mace mai kirki da hanzari, wannan ce jaririya ta uku da za ta kai gida. Raki ta miƙa mata zanin goyon, ta nuna mata yadda ake ɗaurewa. Matar ta yi godiya ta cusa shi a jaka. Ladi barci take. Shufen ta ce kada a tashe ta, sannan ta bi su har inda ake tsayar da masu rakiya, ta tsaya nan har bayan sun ɓace. Hao ya duba agogo. Ƙarfe huɗu ake buɗe kicin.

A bas ɗin komawa Birmingham, sun yi kusan awa guda a hanya, Raki ta ga gaban rigar Shufen ya jiƙe, da'ira biyu suna faɗaɗa. Lokacin shan Ladi ne ya yi. Shufen ta rungume ƙirjinta tana cije leɓe. Raki ta cire mayafinta, ta juya ta wajen taga, ta zagaya mata shi a ƙirji ta ɗaure tam, yadda Inna ta yi mata ranar da aka yaye Zainabu.

"Kada ki matse. In kin matse sai ya ƙara kawowa. In mun isa zan sa miki ganyen kabeji mai sanyi. Kwana huɗu zuwa biyar zai kafe."

"Mai sanyi," Shufen ta ce, kamar za ta yi gardama. Ba ta yi ba.

Gonaki na wucewa, tumaki a cikinsu kamar an watsa auduga. Can Shufen ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Jiejie, taki 'yar. A waya tana gane ki?"

Raki ta tuna kiran shekaranjiya. Inna na cewa zo ki gaida mamanki, Zainabu na leƙowa ta bayan zaninta, ta ce sannu Anti, ta ruga waje.

"Tana gaishe ni," ta ce.

"Bayan wata nawa?"

Raki ta gane abin da ake tambayarta, wata nawa kafin 'ya ta manta uwarta. Ta so ta ce jini ba ya manta jini, ko wata magana irin wadda aka yi ta faɗa mata a tashar mota ranar da ta taho. Ta dubi mayafinta, nono ya fara ratso shi.

"Tawa da wayonta na bar ta," ta ce. "Wata bakwai ta yi tana nemana."

Shufen ta gyaɗa kai a hankali. Ta ɗaga yatsunta ta soma lissafi, sai ta tsaya a na biyu, ta mayar da hannun cinyarta. Raki ta gyara mata ƙullin mayafin da ya fara sassautawa.