Bencin Aro

Ƙafar hagu ce ta sake cin amanar Baba. Ta ja ƙasa, ta faɗa ramin da saiwar bishiya ta fasa a tsakiyar hanyar siminti, sai ga shi ya tafi luu. Ba don Auta na riƙe da bayan rigarsa ba, da ya sha ƙasa.

"Sake ni, ke. Ni da na tuƙa babbar mota har na yi furfura, rami ne zai koya mini hanya?"

"To Direba, yau dai birki ya tsinke," in ji 'yar tasa. "Mu huta."

Babu wurin hutawar. An daɗe da kwashe katakon bencinan lambun unguwar, sai ƙafafun ƙarfe a tsaye cikin ciyawa.

Likita bai yi musu kwana-kwana ba. Tunda ɓarin jikin Baba ya shanye, ko dai ya riƙa tafiya kullum a shimfiɗaɗɗen wuri mai wurin zama, ko ƙafar ta mutu a kan gado. Titi na masu babur ne. Tsakar gidan haya kuwa, kana miƙewa ka ci karo da bango. Lambun nan kaɗai ya rage.

A da ba haka yake ba. Akwai lilo mai jan fenti, da famfo mai fesa ruwa sama, yara na bi ta ƙarƙashi suna ihu. Akwai mai hoto da labulensa mai zanen teku. Duk ranar da Baba ya dawo daga doguwar tafiya, a kan hanyar nan yake bin keken Auta da gudu, yana riƙe da sirdi, yana rantsuwa bai saki ba alhali tuni ya saki. Yanzu bola ta cinye kusurwar gabas, lilon ya zama wurin ɗaure awaki.

* * *

Auta ce ta tara mutanen unguwa. Suka yi ta sintiri a ofishin hukumar birni, ana ce musu su dawo. Da ƙyar aka ce Darakta zai zo ya gani da idonsa, domin lambu ɗaya za a gyara bana, unguwanni da yawa kuma na nema.

"Kada a taɓa ko tsinke," in ji Auta a wurin taron da aka yi cikin lambun. "Ya zo ya ga yadda muke."

Inna, mahaifiyarta, ta gyara mayafi. "Babban mutum zai tako unguwarmu mu tare shi da bola? A tafi da mu a baki, a ce matan nan ƙazamai ne? Ba da ni ba."

"'Yar nan, karatu ya yi miki yawa," in ji Kafinta. "Ko surukinki ne zai zo, ai kya share ɗaki."

Aka yi dariya. Auta ta juya wajen Baba tana neman agaji. Shi kuwa idonsa na kan busasshen famfon.

"Ƙyale su, Auta," ya ce a hankali. "Ko na yini ɗaya ne, ina so in sake ganinsa yadda na san shi."

Mu mutane ne da muka fi tsoron kunya a kan ciwo. Aikin da aka yi shekaru ana cewa ya fi ƙarfin unguwa, sai ga shi an tashi kansa saboda baƙo. Mata suka yi shara. Aka kafa kwanon rufi na aro aka ɓoye bolar. Aka cike ramuka da yashi aka daddaɓe. Mai Walda ya ɗaure lilon da waya ya shafe da fenti, ya ja kunnen yara kada wanda ya hau. Kafinta ya kwaso bencinan da mutane suka ba shi aiki ya jera a bakin hanya.

* * *

Ran zuwan Darakta, Baba ya sa farar riga. Ya bi hanyar tun daga ƙofa, in ya gaji ya zauna, ya tashi ya ci gaba, har ƙarshenta. Rabonsa da kaiwa nan tun kafin ciwon.

Darakta ya zagaya yana gyaɗa kai.

"Kun burge ni," ya ce. "Inda na fito yanzu, ko kare ba zai kwanta a lambunsu ba. Ku kuwa kun tsaya da ƙafafunku. Can za mu kai aikin, kuma da ku zan riƙa ba su misali."

"Ranka ya daɗe, ƙarƙashin yashin nan…"

Tafi ya danne muryar Auta. An yabe su a gaban jama'a, har da masu guɗa. Inna ta mintsine ta a hannu.

"Kada ki tona mana asiri."

Motar Darakta ba ta gama ficewa ba aka fara kwasa. Mai kwano ya ɗauke kwanonsa, bolar ta leƙo. Hadari ya haɗo daga gabas, irin wanda ba ya barin yashi a rami.

Baba na zaune a bencin ƙarshe, sanda tsakanin gwiwoyinsa, yana kallon lilon da iska ke kaɗawa. Kafinta ya zo ya tsaya a gefe yana sosa ƙeya.

"Baba, a yi haƙuri. Mai shi na jira tun jiya."

"Na sani. Ba ni hannu, Auta."

Ta ɗaga shi. Kafinta ya saɓa bencin a ka ya wuce. Baba ya tsaya jingine da kafaɗar 'yarsa yana duban tsawon hanyar komawa gida, babu wurin zama ko ɗaya, ga yayyafi ya fara huda yashin.