Hannun da Sombir Ya Kama

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na bar makaranta, kuma ko a gida ba ni da yawan magana. Amma mutanen ƙauyenmu suna ta ba da labarin ƙanena Sombir kamar abin murna ne, ni kuwa a gabana aka yi.

Sombir ɗan kokawa ne tun yana ƙarami, yana ajin ƙarshe na sakandare. Akwai wata kwaleji a birnin Rohtak da ke ɗaukar 'yan wasa duk shekara. In ka ci gwajinsu, sai su ba ka gurbin karatu da ɗaki da abinci. A gidanmu ba wanda ya taɓa wuce sakandare, gonarmu kuma ba ta ciyar da mu yadda ya kamata. Duk gidan a kan wannan gwaji muka dogara. Ni aikina in tashi da asuba in tatsi baunarmu, in niƙa masa badam, 'ya'yan itace masu kama da gyaɗa, a turmin dutse, in dama da madara.

"Jiji, yau ma kin yi rowar sukari," haka yake ce mini kullum. Jiji yake kirana, wato Yaya.

"Shanye ka ba ni kofina, ƙaton banza."

Mai horar da shi, Dharampal, ya zo har gida ya ja wa mahaifinmu, da muke kira Bapu, kunne. Ya ce, "A kan katifa za a gwada yaron nan. Kada ya shiga kokawar ƙasa sai an gama. Da ƙafafunsa biyu nake son sa." Bapu ya ce ya ji.

Gwaji ya kusa sai ga bikin girbin alkama, wanda ba a yin sa sai da kokawa. A wurinmu ɗan kokawa yakan zagaya fili da hannu a miƙe, wanda ya kama hannun ya yarda a kara ke nan. In ya tsaya a gabanka ka ƙi kamawa, da sunan gidanku za a yi ta hira har shekara ta zagayo. Sombir kallo kawai ya je, da rigarsa a jiki, yana zaune kusa da Bapu. Mu mata muna kan soron da ke bakin filin.

Wani ɗan kokawa mai suna Balwan daga ƙauyen hayin rafi ya shigo. Ya girmi Sombir, ya kuma fi shi nauyi nesa. Ya wuce kowa ya tsaya a gaban Sombir da hannu a miƙe.

"Ɗan kwaleji! An ce yanzu a kan katifa kake birgima kamar jariri. Ƙasa ce ke maka ƙaiƙayi?"

Aka yi dariya. Sombir ya haɗa hannuwa ya yi murmushi, bai motsa ba. Sai Balwan ya juya ga Bapu.

"Tsoho, madarar da kuke ɗura wa wannan, da ɗan bauna kuka bar wa. Shi ko noma zai yi muku."

Bapu ya cire rawaninsa. Ya ɗora shi a gwiwa, ya sunkuyar da kai. Sombir ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙe ya kama hannun.

Ya kayar da Balwan. Wannan ne abin da mutane ke faɗa, kuma gaskiya ne. Amma da suka faɗi, ƙafarsa ta dama ce a ƙasa, ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Makaɗa suna ta kiɗa, samari suka ɗaga shi a kafaɗa, aka ba shi gwangwanin man shanu kyauta. Ni daga sama na ga fuskarsa, na san ba murna yake yi ba.

Dharampal ya ce a tafi asibiti. Bapu ya ce asibiti za su ɗaure ƙafar su hana shi zuwa gwaji. Aka kai shi wurin maɗori, wani tsohon ɗan kokawa. Ya shafa mai da kurkum, ya sa maza biyu suka danne shi, ya ja ƙafar har Sombir ya ciji tawul. Ya ce kafin ranar gwaji za ta warke. Gwiwar ta kumbura kamar tulu. Ni ke gasa masa ita, ba ya kuka, sai dai zufa.

Ranar gwaji suka tafi shi da Bapu a motar safe. Da la'asar suka dawo, mutum biyu ne suka sauko da shi. Yaron da aka haɗa su da shi ya ga ɗaurin, kai tsaye ƙafar ya nufa. Likitan wurin ya ce jijiya ce ta tsinke, jan da aka yi ya ƙara lalata ta, sai an yi aiki. Da Bapu ya tambayi batun kokawa, likitan ya ce a fara neman tafiya tukuna. Gurbin kuma an ba wancan yaron.

Bapu ya zauna a tsakar gida, bai ci abinci ba. Gwangwanin man shanun yana kan kanta, ba wanda ya buɗe shi. Na kai wa Sombir ruwa, ya riƙe gefen gyalena.

"Jiji, gobe kada ki tashi don ni. Ki sayar da madarar."

"Rufe mini baki."

"Da gaske nake."

Washegari na tashi da asuba, na tatsi bauna, na niƙa badam, na zuba sukari da yawa. Na kai masa, ya juya fuska ga bango. Na ajiye kofin kusa da kansa. Sauran madarar na juye a garwa na ɗauka zuwa bakin titi wurin mai sayen madara. Ban taɓa yi masa magana ba, amma da ya gama awo na tambaye shi wace mota ce ke zuwa babban asibiti, kuma wace rana likitan ƙashi ke zama.