Gorar Iri a Bayan Kujera

A shekarar da damina ta sake yin ƙarya, Illo direba ya kwashe ragowar geron rumbunsu ya sayar, ya saya wa akori-kurarsa tayoyi. Wai mota ce za ta ciyar da gida. Ba a jima ba mai ya ɓace a Sabon Birni, fasinja ma suka ɓace, motar ta tsuguna a ƙofar gida a Gangara, awaki na shan inuwarta.

Matarsa Mairama ba ta yi gardama da shi ba, don gardama da Illo ɓata yawu ne. Tun kafin hannunsa ya kai ƙasan rumbun ta ɗebe irin shuka, geron gidan ubanta mai saurin nuna. Ta cuɗa shi da toka saboda ƙwari, ta ɗura a gora, ta toshe bakin da yagen tsohon zaninta. Sai wurin ɓoyo ya zama aiki. A ɗaki zai gani, a rumbu zai gani, maƙwabta kuwa su ma yunwa suke ji. Sai ta tura gorar bayan kujerar motar, inda Illo bai taɓa leƙawa ba tun da ya saye ta. A tunaninta ɓera na rumbu ne da ɗakin ƙasa, me zai kai shi cikin ƙarfe?

Safiyar da labari ya zo cewa an yi ruwa wajen ƙauyen Turba, kowa ya shiga neman iri, ita ce safiyar da Illo ya sami mai. Mairama ta ji inji ya tashi, ta tuna da gorar. Ta ja mayafi ta fito, ta ce za ta garin Isa duba gwaggonta. Fasinjoji suka hau baya, ita ta zauna a gaba ta jingina da kujerar sosai, duk ramin da suka faɗa sai ta ji kamar gorar ce ta fashe.

Ana hango Isa tururi ya turnuƙe gaban motar. Illo ya ɗaga bonet, ga tiyon ruwa na lagireto yana tsartuwa ta gefe.

"Bawa ne!" in ji shi. Bawa direba ne da suka taɓa cacar baki kan layi a tasha. "Wallahi Bawa ne yas sa mishi wuƙa! Yau sai na ci mutuncinai gaban kowa!"

Ya karɓe ruwan shan fasinjoji ya ɗura wa motar, suna ta tsine masa a ciki-ciki, a haka suka rarrafa har garejin Lauwali makanike. Illo bai ko gaisa ba ya fara kawo ƙarar Bawa.

Lauwali ya bar shi yana ta yi. Ya jira injin ya huce, ya kwance tiyon, ya lanƙwasa shi a hasken rana.

"Illo, wanga ba wuƙa ba ce. Wuƙa sumul taka yanka. Dubi bakin nan, gurgura ce. Kusu ne," in ji shi, wato ɓera.

"Kusu? Ni za ka maida yaro? Kusu na cin roba?"

"Bana har sabulu sunka ci. Ƙishirwa ce, sun ji sanyin ruwa ciki."

Lauwali ya zura hannu bayan batir ya nuna masa wayoyi da aka ɓare musu riga, da kashin ɓera baƙi-baƙi a kan injin. Ya ƙara zurawa ya jawo wani dunƙulen sheƙa na ciyawa da tsumma, ya yar a ƙasa. Mairama na tsaye a inuwar bango. Ta dubi tsumman, ta gane zanen zaninta.

"Ko na sa sabon tiyo za su dawo," in ji Lauwali. "Ruwa kaɗai ba shi zaunar da kusu. Akwai abinci cikin motag ga. Mi kaka aje ciki?"

"Abinci? Gidana ma babu, sai mota?"

Lauwali ya bi kashin har ramin da wayoyi ke shiga cikin mota, ya zagaya ya turo kujerar gaba. Wari ya buso. Ya ɗauko gorar da yatsu biyu, don ba ta da sauran nauyi. An faɗaɗa bakinta da haƙori. Da ya kifa ta, toka ce ta zubo da ɓawo da kashin ɓera.

"Ta wa ce?"

"Tawa ce," in ji Mairama. "Iri ne."

Duk wanda ke wurin ya san mene ne iri a irin wannan shekara. Illo kuwa, mutumin da bai taɓa rasa wanda zai ɗora wa laifi ba, ya juyo ya sami sabo.

"Ke! Ke kika tara mini kusa cikin mota? Ke kika kashe mini tiyo?"

"Tiyo!" Muryarta ta tashi, ita da ba a taɓa jin sautinta a waje ba. "An yi ruwa Turba, gobe ko jibi shina gonarmu, ba mu da abin shibkawa, kai kana kukan tiyo! Taya za ka shibka?"

"Mi ya hana ki hwaɗa mini? Ni ba mijinki ne ba? Wa kika ɓoye ma?"

"Kai, Malam. Kai nib ɓoye ma."

Ta durƙusa a ƙasa mai baƙin mai, ta jawo murfin wani tsohon kwano, ta tattara abin da ya zube da tafin hannu, har da wanda ya maƙale a bayan kujerar. Ta fara sheƙe irin tana hurawa, tana tsince kashin ɓera ɗaya-ɗaya, hawaye na zuba, ba ta share ba. Takaici ne, ba na ɓera ba kuwa. Lauwali ya koma kan tiyonsa yana naɗa masa robar taya, don ya sami inda zai sa idonsa.

Abin da ya rage bai cika tafin hannunta ba.

Illo ya matso. Faɗan ya fita daga bakinsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Nawa yar rage? Kawo in gani."

Ya miƙa hannu. Mairama ta dube shi, ta dubi hannun, ta dunƙule nata gam ta kai shi bayanta.

"Kusu dai ya rage mini wanga," ta ce. "Da kai ne, ko shi ba ni samu."