Tulun Tsadar Saude

Saude ba mace ce mai raki ba. A gidan mijinta Salmanu, can cikin ganuwar Birnin Gwari, ita ke surfe, ita ke ɗebo ruwa, kuma furarta ce mutanen unguwa ke rububi. Amma duk wata, idan al'adarta ta gabato, ciwon mara kan kayar da ita. Takan kwanta a ƙasan ɗaki, gwiwa a ƙirji, tana cizon bakin zane don kada a ji nishinta a zaure. An ba ta jar kanwa, an dafa mata citta da kanunfari, an gasa dutse an naɗe a tsumma an ɗora mata. Tsofaffi sun ce idan ta haihu zai tafi. Ta haihu, ya dawo da ƙarfinsa.

Wadda ta fara ba ta abin da ya yi amfani ita ce Kadijatu, wata Bafulatana mai kawo mata nono daga rugarsu a bakin dajin Kamuku. Wata rana ta iske ta a dunƙule, sai ta koya mata yadda tsofaffinsu ke yi. A tsinko tsada nunanniya, 'yar itacen nan na daji mai ƙaya, a murtsuke ta a tulu da ruwa, a ɗaure bakin da ƙyalle, a ajiye a inuwa. Zai yi kumfa, zai yi wari, kada a taɓa. Sai ya lafa ya koma ruwa mai tsami har yana tsinka harshe, sannan a riƙa zuba ɗan kaɗan a ruwan ɗumi da zuma.

Saude ta bi ta daji a farkon damina. Ƙaya ta yayyage mata hannu, ƙudan tsando ya cije ta, ta dawo da ƙwarya cike da tsada. Ta jiƙa, ta ajiye tulun bayan rumbu, ta jira. Da ya yi, ta sha. Ciwon bai tafi ba, amma ya sassauta har ta iya miƙewa ta hura wuta, kuma ga wadda ta shekara da shekaru tana birgima a ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gidan nasu gandu ne, kuma maigidan shi ne Abarshi, wan Salmanu. Mutum ne mai son a gan shi a sahun gaba, mai ɗaga murya wajen gyara wa mutane alwala. A lokacin Salmanu ya bi ayarin fatake zuwa Zazzau. Wata safiya Abarshi ya zagaya bayan rumbu neman lauje, ya ci karo da tulun. Ya kwance ƙyallen, ya shinshina, ya yanke hukunci shi kaɗai.

Bai kira Saude ya tambaye ta ba, alhali tana nan tsakar gida tana dama fura. Ya kinkimi tulun ya fita da shi ƙofar gida, inda dattawa ke zaune a gindin cediya, ya ɗaga shi ya sake a kan dutse. Saude ta ji ƙarar fashewar. Sannan ta ji muryarsa yana shaida wa jama'a cewa matar ƙaninsa tana dafa giya a ɓoye, kuma shi ba zai rufa wa kowa asiri ba a kan saɓon Allah, ko da ɗan cikinsa ne.

Ta ajiye ludayi. Tun asuba take jin marar na ɗaurewa, ta san abin da ke tafe, kuma niyyarta ke nan ta je ta ɗebo maganin idan ta gama damu. Ta leƙa ta zaure ta ga ruwan yana bin ƙasa, ƙasa na shanye shi, kaji sun taru a kan ƙwallayen tsadar. Matar Abarshi ta riƙe mata hannu tana roƙonta ta yi haƙuri ta koma ɗaki, ta fizge.

Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Abarshi ba. A durƙushe take gaishe shi. Ranar kuwa ta fito ƙofar gida, ta ratsa tsakanin maza, ta duƙa ta ɗauki gindin tulun da bai tarwatse ba. Akwai sauran ruwa a ciki, kamar cikin tafin hannu. Ta miƙa wa Abarshi.

"Yaya, sha. In ka bugu, a kai ni kasuwa a yi mini bulala."

Abarshi ya ja da baya, ya ce ta shiga gida, ba a nan mata ke magana ba. Ta ce ai a nan aka kawo sunanta, don haka a nan za ta amsa. Daga nan ta faɗi abin da mace ba ta faɗa a gaban maza. Ta gaya musu yadda ciwon yake, da bakinta, ba ta kewaya ba. Ta ce duk wata tuwon da suke ci a zauren nan da hawaye ake tuƙa shi, kuma babu namijin da ya taɓa tambayar me ya sa take tafiya tana dafa bango. Ta ce ta shiga dajin da shi Abarshi ba ya shiga sai da rakiya, ta tsinko abin nan da hannunta, ta jira shi kamar mai jiran haihuwa. Dattawa suka sunkuyar da kai. Wani ya tashi ya tafi yana neman tsari.

A cikin masu zaman akwai Modibbo Jaji, tsohon malamin da ke limanci a unguwar. Ya miƙa hannu ya karɓi gindin tulun, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Ya ce wannan ai ruwan tsami ne, wanda Larabawa ke kira khal, ba ya sa maye kuma babu laifi a cikinsa. Ya ce da an tambaya kafin a fasa, da ya fi.

Saude ta tsaya tana jiran abin da Abarshi zai ce. Ya gyara zaman rigarsa, ya ce to alhamdu lillahi, gara da aka bincika, kuma ranar kasuwa zai sa a sayo mata sabon tulu. Shi ke nan. Ya juya yana tambayar na kusa da shi labarin ruwan sama.

Wannan ya fi fasa tulun ƙona mata rai. Ta ce da shi tulu ba shi ne ciwonta ba, tsada kuma ta wuce sai baɗi, ya gaya mata abin da za ta sha daga yau har zuwa lokacin. Ta karɓi gindin tulun daga hannun Modibbo, ta jefar a gaban ƙafar Abarshi ta shige gida.

Kafin azahar ciwon ya sauko. Ta yi birgima, ta yi amai, ta kwanta a kan ƙasa mai sanyi tana jin muryar Abarshi a zaure yana cin abinci da baƙi. Wannan karon ba ta ciji zane ba. Ta bar nishinta ya fita yadda yake so, kowa ya ji.

Maganar Modibbo ba ta zagaya gari da saurin maganar Abarshi ba. Furar Saude ta riƙa kwantai. Matan da ke aiko da ƙwarya suka daina, wasu don giyar da suka ji, wasu don sun ce ta zubar wa mata mutunci a bainar jama'a. Da ta samu ƙarfin tafiya ta nufi rugar su Kadijatu. Ɗan abin da ya rage a goran Kadijatu bai taka kara ya karya ba, amma ta raba biyu ta ba ta, tana zagin Abarshi da Fulatanci.

Da Salmanu ya dawo, wansa ya riga ya tare shi tun a ƙofar gari. Salmanu ya shigo ɗaki da sanyin jiki, ya ce ya san an cuce ta, amma babba babba ne, ta je ta durƙusa ta ba shi haƙuri a kan rashin kunyar da ta yi masa, magana ta mutu. Saude ta dube shi har ya kau da kai.

"Malam, ni aka kira mai giya a gindin cediya. Ni na kwanta kamar akuyar da aka yanka. Yanzu kuma ni ce zan durƙusa?"

Ya ce don zaman lafiya. Ta ce zaman lafiyar da sai ita kaɗai ke biyan kuɗinsa ba ta so. Ta gaya masa ba za ta sake tuƙa tuwon da Abarshi zai sa hannu a ciki ba, sai ranar da ya tsaya inda ya tsaya ya faɗa wa mutanen da ya tara cewa ƙarya ya yi mata. In an ga ta yi laifi, hanyar gidan ubanta a Kazage ba ta toshe ba.

Salmanu ya yi ta kai da komo tsakanin zaure da ɗaki har damina ta yi nisa. Abarshi ya ce shi bai yi ƙarya ba, kuskure ya yi, kuma ba a sa wa ya tuba wa matar ƙani. Saude ta riƙe maganarta. Ranar girkinta ta dafa na mijinta da na yara, ta kife tukunya.

Wata na gaba Salmanu yana gida lokacin da ciwon ya zo. Da can yakan fice gona idan ya ga ta kwanta. Wannan karon ta ce ya zauna ya gani. Ya zauna a bakin ƙofa tun hantsi, yana kallon matarsa tana buga kai da bango. Da la'asar ya tashi ya tafi zaure, aka ji 'yan'uwan suna ɗaga wa juna murya, abin da ba a taɓa ji ba a gidan.

Bayan an cire amfanin gona suka raba gandu. Salmanu ya ja danga ta tsakiyar gidan, ya fasa ƙofarsa ta gabas. Abarshi bai taɓa neman gafararta ba har ya tsufa. A unguwa aka riƙa cewa Saude ce ta raba wa da ƙani, kuma idan maganar ta iso kunnenta ba ta musu, takan ce su je su tambayi wan me ya yi.