Fasinjar Talata da Juma'a

Babakura na goge gilashin kekensa na haya mai ƙafa uku a ƙofar gida sai Zion ta fito da gudu daga gidan da ke jingine da nasu, ba ko takalmi. Ta ce ƙafafun mamanta, Malama Florence, sun kumbura, numfashi na yi mata wuya, motar cocin da ke kai ta wankin ƙoda kuma ta lalace. Ya tsaya da tsumma a hannu. Wata biyu ke nan bai gaida Malama Florence ba.

Duk layinsu na unguwar Bolori a Maiduguri an san dalili. Malama ce ta koyar da shi a aji uku na firamare, kuma a shekarun da harbe-harbe suka kori yawancin mutanen kudancin Borno daga unguwar, ita ta ƙi tashi. Ta ce a nan ta binne mijinta, ina za ta? Da ta yi ritaya 'yarta ta buɗe mata Fesbuk, ta kama shi kamar rajistar aji, tana bin tsofaffin ɗalibanta tana gyara musu rubutu.

Wata rana aka sa hoton wata 'yar majalisa tana rabon shinkafa a sansanin 'yan gudun hijira. Yayar Babakura na wannan sansani da 'ya'ya biyar, ko ƙwaya ba ta samu ba. Cikin zafin rai ya rubuta cewa dama me ake jira daga mace, kuma 'yar kudu, ai sai ta koma madafa. Ba a yi awa ɗaya ba Malama ta amsa a ƙasa: "Wadda ta koya maka haɗa baƙaƙen nan ma mace ce, 'yar kudu." Mutane suka yi ta dariya, aka ɗauki hoton maganar ana yawo da shi har tashar 'yan keke. Wasu suka zage ta, wasu suka zage shi, waɗanda ba su taɓa taka Bolori ba suka shigo da addini. Shi kuwa ya toshe ta, ya koma fita ta ɗaya bakin layin.

Yanzu ga Zion na kallonsa. Ya jefar da tsumman ya juya keken.

Da shi da matarsa Siddiƙa suka tallafo Malama daga ɗaki. Ya ji ta ba nauyi, duk da kumburin. Ta gaishe shi da Barbarci, ta ce masa wushe, ya amsa yana kallon ƙasa. Daga ranar ya zama shi ke kai ta asibiti duk Talata da Juma'a, ya jira ta a ƙarƙashin dalbejiya har a gama. A hanya hirarsu ba ta wuce zafin gari da tsadar mai.

Ranar Talatar mako na huɗu layi ya yi tsawo a shingen sojoji, aka ce kowa ya kashe injin. Malama ta jingina kai da ƙarfen keken, ta ce ta san ya toshe ta, Zion ta nuna mata yadda ake ganewa.

"Abin da na faɗa gaskiya ne, ba zan janye ba," in ji ta. "Amma wurin da na faɗa kuskure ne. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, da na kira ka. Ka yafe mini wannan."

Ya ce ba komai. Sai kuma maganar ta ɓalle masa, ya ba ta labarin yayarsa, da yadda ya iske yaran suna lasar garin kwaki busasshe. Ta saurara har ya gama.

"To ka zagi 'yar majalisar a kan shinkafa, ɗana. Da na taya ka. Me zaninta da garin ubanta suka yi maka?"

Ya buɗe baki zai faɗi abin da ya daɗe yana juyawa a ransa, sai soja ya ɗaga hannu, na baya suka fara danna oda. Abin da ya fito kawai shi ne, "Malama, riƙe da kyau, akwai rami a gaba." Ya ce a ransa ranar Juma'a zai faɗa.

Alhamis da hantsi yana shan shayi ya ji kukan Zion ta kan katanga. Malama ta nemi a fito da ita tsakar gida ta sha iska, ta zauna a kujerar roba, ba ta sake tashi ba.

Hanyar garin su Malama ba ta biyuwa a lokacin, don haka a Maiduguri aka binne ta. Babakura ya yini yana jigilar kujeru daga coci, ya ƙi ɗaukar fasinja ko ɗaya. Wani ɗan keke ya fara tuna masa tsohon zancen, da ya ga fuskarsa sai ya canza magana.

Washegari da la'asar hadari ya haɗu daga gabas. Masu zaman makoki suka shige ɗaka. Babakura na tsaye a tsakar gidansa ya hango zannuwan Malama guda biyu a kan igiyar shanya, tun ranar Laraba, ba wanda ya tuna da su. Ya kira Siddiƙa. Ta taka turmi ta miƙa hannu ta kan katanga ta janyo su, tana ninkewa yayyafi na sauka.