Ginshiƙin da Ba a Yi wa Kujera Ba

Baba Moutari ne ya fara ganin abin. Ya riga foman, ya riga injiniyoyin ofis da kwamfutocinsu, ya riga mutanen gwamnati da suka zo daga baya suna aune-aune. Shi da bai taɓa zama a aji ko na yini ɗaya ba, ya gano shi ranar wata Alhamis da hantsi, cikin zafin watan Yuli na 2001, ginshiƙin yana kwance a bayan tirela, ko sauke shi ba a yi ba.

Ba abin mamaki ba ne. Mutum ne da ya ɗaura ƙarfe a Arlit, ya ɗaura a Abijan, a Sabha ta Libiya rufin sito ya rufta masa ya fito da ƙafarsa yana kakkaɓe riga. A Greensboro ta Amurka gwiwa ce ta hana shi hawa, sai aka bar masa aikin ƙasa: shi ke rataya wa ƙugiyar injin ɗaga kaya ƙarfe, shi ke riƙe igiyar da ke hana ƙarfen lilo. Bene mai hawa huɗu suke tayarwa, kusa da tashar bas.

Ga abin da ya gani. Dogayen ƙarafan da ake kwantarwa tsakanin ginshiƙai, waɗanda suke kira bim, guda biyu za su haɗu a jikin wannan ginshiƙi, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma. Amma huda huɗu ce kawai, ke nan bol huɗu, ƙusoshin nan masu noti, za su riƙe su duka. Kafin a ɗaura na biyu, dole a kwance notin na farko. To, a wannan ɗan lokaci me zai riƙe na farkon? Ko'ina ya yi aikin kirki, akan yi wa ginshiƙi waldar ɗan guntun ƙarfe a ƙarƙashin hudar, bim ya zauna a kai. Kujera suke ce masa. Ya shafa jikin ginshiƙin da tafin hannu. Sumul.

Ya kira Zabeirou, abokinsa ɗan Maradi, wanda ke hawa sama yana ɗaurin.

"Ƙane, zo ka ga makahon aiki. Ina kujera?"

"Tsoho, kai da ba ka hawa, me ya haɗa ka da kujera? Ko gajiya ka yi a kawo maka ta zama?"

"Ubanka ne ya gaji. Duba nan."

Zabeirou ya duba, dariyar ta ragu. Suka nufi foman, wani jan Bature mai taunar taba. Moutari ya haɗa Turancinsa guntu-guntu har da hannu. Foman ya buɗe zanen a kan bonet, ya buga yatsa a kan hatimi. Ya ce manyan injiniyoyi girman ƙarfe kawai suke bayarwa, haɗin kuwa kamfanin da ke yanka ƙarfen ne ke zana shi, kuma an duba an sa hannu. Idan akwai ƙorafi, ga sunan wanda ya zana a kusurwa, yanzu sai ya kira maigidansa a waya.

Zabeirou ya leƙa sunan, ya yi ƙasa da murya.

"Tsoho, mijin Malika ne."

Haidar ke nan, ɗan Kano, mijin autar Moutari, wata bakwai da samun aikin. Moutari ya sake duban zanen. Ya tona wa surukinsa asiri a gaban Bature? Ya ɗaga hannu ya ce wa foman a bar shi. Ai sai Litinin za a kai ga ginshiƙin. Maganar gida ce, a gida za a yi ta.

Ran Lahadi bayan la'asar Haidar ya kawo Malika gaisuwa. Ya cire takalmi, ya durƙusa can bakin ƙofar falo, kansa a ƙasa.

"Baba, barka da yamma. Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

Ga shi nan, taku uku tsakaninsu. Moutari da ya taɓa zagin shef ɗinsu Bafaranshe, shugaban aiki, ido da ido a Arlit, ya kafa wa talabijin ido. Tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, balle ya ce masa aikinka bai yi ba. Haka ya ga ubansa ya yi da nasa surukan. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Haidar ya ce amin, ya sulale waje ya jira a mota.

Sai Moutari ya bi Malika kicin.

"Auta, ki gaya wa mutumin naki, ginshiƙin kusurwar gabas, hawa na uku, ba kujera."

"Wace kujera kuma, Baba? Kwamfuta ce fa take lissafa musu komai."

"Kwamfutar ta taɓa hawa bene? Ki dai gaya masa."

"Oke, Baba, zan faɗa."

Ta faɗa ɗin. Amma ita ma ba ta so mijinta ya ji kamar ubanta ya raina iliminsa. Abin da ya isa kunnen Haidar shi ne, Baba ya ce a riƙa kula da aiki. Ya ce in sha Allahu, ya gode.

Litinin da safe Moutari ya duba ko motar walda ta zo. Ba ta zo ba. Ya riƙe hannun rigar Zabeirou.

"Ka ce cikinka na ciwo."

"In ban hau ba wani zai hau, shi kuwa bai ma sani ba. Zan bar bol ɗin a cikin hudar, noti kawai zan cire. Kai dai riƙe igiyarka da kyau, kar ka tsaya ba da labarin Sabha."

Ya hau. Ya zauna a kan bim na farko kamar mai hawan jaki, ya maƙala igiyar ɗamararsa a jikin bim ɗin, ya kwance noti huɗu ya zuba a aljihu. Ƙugiya ta ɗago na biyu. Moutari ya riƙe igiya yadda ba wanda ya iya riƙe ta a garin nan, ya rantse da wannan har gobe. Amma ƙarfe mai nauyin mota ba ya bukatar iska mai yawa. Bakin bim na biyun ya ɗan taɓa kan bol ɗin, ya tura su baya. Ƙarar ba ta fi ta cokali a kan faranti ba.

Bim ɗin ya sauko da Zabeirou a kansa. Ya faɗi kamu ɗaya daga inda Moutari yake tsaye. Moutari ko ƙwarzane bai samu ba. Nan ma ya tsira.

Shi ya yi wa gawar Zabeirou wanka. Shi ya je ya gaya wa Tchima, matar Zabeirou, ta tsaya riƙe da ƙofa ba ta ce masa ya shigo ba. Haidar ya bar aikin zane, yanzu kaya yake jerawa a wani sito. Ya zo sau ɗaya, ya durƙusa a inda ya saba, yana kuka ya ce, "Baba, da ka gaya mini." Moutari ya ci gaba da kallon talabijin.

Shekara shida ke nan. Duk Juma'a bayan an sauko, yana zama a bakin shagon Mamane mai sayar da gero da busasshen kifi, ya tare duk wanda ya tsaya. Ba ya ba da labarin Sabha yanzu. Wannan kawai yake bayarwa, kuma daga farkonsa yake fi so, wajen tirela.

"Ni na fara gani," in ji shi, yana dukan ƙirji. "Kwana huɗu cur kafin ya faɗo. Injiniya nawa suka sa hannu? Ni ko sunana ban iya rubutawa ba."

Wani lokaci wani baƙo yakan tambaye shi, to da ya gani me ya yi. Sai ya miƙe da ƙyar, ya nuna wajen tsakiyar gari da sandarsa.

"Wanda ke ganin ƙarya nake, ga benen can. Ya hau hawa na uku, kusurwar gabas, ya ɗaga silin ya leƙa. Zai ga kujera, waldarta daban da sauran. Ya tambaya ran da aka sa ta. In ya isa, ya dawo nan ya dube ni ya ce ban gani ba."