Ƙarar Keken Sanusi

Keken Sanusi ba ya ɓuya. Tun daga gindin tsamiyar bakin gari za ka ji shi, kacau-kacau, kamar an ɗaura wa akuya gwangwani. Mutanen Daudawa sun sha tsokanarsa, wai yana samun kuɗi amma ya kasa saya wa kekensa noti. Dariya kawai yake yi.

Sanusi ɗan fari ne wurin Barau da Baraka, saboda haka uwar ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa doguwar magana a gaban mutane. Da kamfanin hanya ya ɗauke shi lebura, sai ranar Juma'a yake zuwa gida. In ta ji ƙarar nan sai ta miƙe ta dama fura, ta aje a zaure, ta koma ɗaki kamar ba ta san da zuwansa ba.

Da kaka tipar kamfanin ta kife da ma'aikata, Sanusi na cikin waɗanda suka rasu. Abokan aikinsa ne suka turo keken gida.

Bayan arba'in Barau ya fara hawansa, don jakinsa ya tsufa. Nan wahala ta soma. Duk sanda ya dawo sai ya tarar da Baraka tsaye da ludayi a hannu, ta ga shi ne, ta zauna a hankali. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Ya ga kullum shi ke tayar mata da mutuwar nan sabuwa.

Ranar kasuwar Yankara ya kai wa Gide mai gyaran keke.

"Kashe mani ƙarar nan," ya ce.

Gide mutum ne da ba ya taɓa sifana sai ya gama saurare. Ya ɗaga keken ya sake shi ƙasa, ya kasa kunne. Ya girgiza kaliya, shiru. Ya juya feda baya ko sarƙa ce ke dukan murfinta, ba ita ba ce. Ya bi wayoyin taya da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya dafe murfin tayar baya ya sake buga keken, sai ƙarar ta ɗauke.

"Ga ɓarawon, Baba. Noti ya faɗi, aka ɗaure da waya, aka sa marfin kwalba wai shi riƙe. Wane gwani ya yi wannan aiki?"

Barau ya kau da kai. Gide ya yanke wayar, ya cillar da ita da marfin cikin juji, ya ɗaura sabon noti.

Har tsakar gida Barau ya shigo ba wanda ya ji. Baraka na tsince wake. Ta ɗago ta dubi keken, ta daɗe tana dubansa.

"Malam, mi ka yi mashi?"

"Na gyara. Na ga yana wahalsheki."

"Wa ya ce maka ina so in huta?" Muryarta ba ta tashi ba. "Yana raye ban kira shi ba, ban zauna na dube shi na ƙoshi ba, don kunya. Wannan ƙarar kaɗai nike saurare ba wanda zai ce na yi rashin ta-ido. Ita ma ka kai an cire."

Barau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da safe ya ari sifana ya kwance notin, ya samo waya da marfin kwalba ya ɗaure yadda yake tsammani. Ya tura keken har tsamiya, ya hau, ya biyo ta kan duwatsu da gangan. Keken ya yi ƙara sosai, har yara suka leƙo.

Ya tarar da ita zaune inda ya bar ta. Ta saurara har ya jingine keken, sannan ta girgiza kai.

"Ba shi ba ne, Malam. Bar shi haka nan."